Yadda zaki riƙe saƙarki ga jinya ga yara ga magini a tsakar gida

Duk macen da take saƙa a garin nan namu na Damagaram ta san kasuwarmu ta sanyi ce. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ya sauko har kiga mutane sun kewaye wuta a bakin titi da asuba, a nan ne kowa yake tunawa dake, wannan tana son hula da safa, waccan ƙanwarta ta haihu suna ranar Alhamis, wata kuma rigar sanyi take so ma ɗanta mai zuwa lakwal, wato makarantar boko. To amma kayan da za a saida a Disamba ai ba a Disamba ake saƙa su ba, tun Agusta da Satumba da Oktoba ya kamata hannu ya kama aiki, kuma su dai waɗannan watannin ukun sune na palu, wato zazzaɓin cizon sauro, sune ruwa yake cin gindin katanga yana ɓula rufi, sune ake komawa lakwal a tasa ki gaba da kuɗin kaye, wato littafin rubutu, da na tufafi. Komi a lokaci ɗaya yake zuwa, kuma ba shekara ɗaya ba, kusan kowace shekara.

Daminar 2024 bazan manta da ita ba. A farkon Satumba, satin da tsohon masallacin Birni ya rushe saboda ruwa, masallacin da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, a satin nan ne mu ma katangarmu ta gabas ta kwanta, ɗakin da nake aje kaya ya fara yoyo ta wajen indararo. Ba a yi sati biyu ba Inna, mahaifiyar maigida, tansiyo, wato hawan jini, ya hau mata ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya saki, muka yi kwana 12 a asibiti. Muna dawowa gida autana ya kwanta palu, yana miƙewa ni kuma na karɓa. Duk wannan kuma a hannuna akwai aikin mutum huɗu, biyu daga ciki sun riga sun bada abans, wato kafin alƙalami. Abinda zan faɗa miki a nan a cikin watannin nan na koye shi, kuma babbansu shine wannan: a irin wannan hali ba saurin hannu ne zai fidda ki ba, iya ajiyewa ne. Ki iya aje saƙa a kowane minti aka kira ki, ki dawo mata bayan awa ɗaya ko bayan sati uku ki tarar da ita yadda kika barta.

Bara in fara da rabon aiki. Da can aiki ɗaya nake ɗorawa, sai na gama shi zan taɓa wani, haka wadda ta koya min ta nuna min kuma a lokacin lafiya hakan yana da kyau. Amma in gida ya rikice aiki ɗaya baya isa, dan ba kullum kanki yake iri ɗaya ba. Yanzu uku nake ɗorawa, kowane da jakarshi. Na farko shine wanda baya son tunani sam, wanda hannu zai yi shi kaɗai ido yana kan maras lafiya ko kan tukunya, irin ƴan murabba'in kwarashi da ake haɗawa daga baya su zama bargon jariri. Kowane ɗaya santimeta 10, in kika samu 56 kika jera bakwai a faɗi takwas a tsawo kin samu bargo mai santimeta 70 da 80, kuma kowane ɗaya minti kaɗan ne ya ƙare, in an kira ki a tsakiya baki yi asarar komi ba. Wannan shi yake zama a jakar hannuna, shi nake kaiwa layin ganin likita, shi nake ɗauka in zani dubiya. Na biyu shine ƙananan kayan saidawa da na riga na haddace, hula da safar jarirai, su na tsakar gida ne tsakanin azahar da la'asar. Na uku shine mai ƙirga, riga mai ado ko wadda aka auna jikin yaro aka ce ga yadda ake so, shi wannan bana taɓa shi sai ranar da na yi barci na ƙoshi kuma gida yayi shiru, ko da sau ɗaya ne a sati. Kar ki wuce uku. Na taɓa kaiwa biyar, sai ya zamana duk inda na juya a ɗaki akwai abinda yake kallona ba a gama ba, zuciya ta ƙara nauyi akan wanda take dashi.

Da safe kafin ki ɗauki ko ɗaya ki tambayi kanki tsakaninki da Allah yau wace iri ce ni. In daren jiya sau huɗu kika tashi juya maras lafiya, ranar ta jaka ta farko ce, ko da mai riga tana ta kira.

Yanzu ita ajiyewar. In da hali ki ƙarasa layin da kike kai kafin ki tashi, dan saƙar da aka bari a tsakiyar layi ta daɗe idonta yana buɗewa a wurin, in an gama sai kiga wata alama kamar tabo. In kuma babu hali, yaro ya faɗi ko maras lafiya ya kira, ki tura saƙar can ƙasan tsinke ki tashi kawai, in kin dawo kin rasa ina kika nufa ki duba zaren da yake zuwa daga dunƙule, tsinken da yake rataye a jikinshi shine na hannun dama. Mutane da yawa a nan suke juyawa su koma baya a tsakiyar layi, sai rami ya fito. Bakin tsinke kuma kar ki barshi haka, ki naɗa mishi robar ɗaure kuɗi, ko ki yanko ɗan guntun tsohon silifa ki soke a kai, ni shi nafi so dan baya zamewa ko jaka ta sha jijjiga a bayan kabu-kabu. Na kwarashi kuma ido ɗaya ne tal, ki ja shi yayi tsawo ki maƙala mishi fil ɗin riga, ki cire kwarashin ki sa a aljihun jaka.

Sai kaye. Ki samu ƙaramin kaye ɗaya da bik ki ɗaure su da zare, duk aikin da kika ɗora ki bashi shafinshi: na wace ce, wace rana kika ce mata, lambar tsinke, ido nawa kika ɗora, kuma duk sanda zaki aje ki rubuta layin da kika tsaya. Takardar da take naɗe da dunƙulen zaren kar ki yar, ki maƙale ta a shafin. Zaki ce ai zan tuna, wallahi bazaki tuna ba, wanda ya kwana uku a benci yana jiran sakamakon awon jini ko abinda yaci jiya baya tunawa. In rubutun ma ya gagara ki ɗauki hoto da waya, ki ɗaga yatsu ko ki aje bik a kan layin. Akwai kuma wata dabara da ta cece ni a rigar nan mai ƙirga: duk bayan layi goma ko duk inda ado ya cika zagaye ɗaya, ki sa siririn zare mai wani launi a allurar ɗinki ki bi dashi ta cikin duk idon da suke kan tsinke ki barshi a nan yana reto ta gefe biyu. In kika yi kuskure a gaba, ko yaro ya zare miki tsinke, warwarar bazata wuce wannan zaren ba, sai ki maida idon kan tsinke ki ci gaba. Minti biyar yake ci, ya hana ki asarar aikin sati.

Abinda ba kowa yake faɗa miki ba shine hannu yana canzawa da halin da mutum yake ciki. In hankalinki a tashe yake zaki riƙa matse zare baki sani ba, in jiki ya mutu da zazzaɓi kuma sai ya saki. Rigar wani yaro ɗan shekara uku, hannu ɗaya na saƙa shi a asibiti daren da likita bai ce mana komi ba tukuna akan Inna, ɗayan na saƙa shi ina farfaɗowa daga palu. Ido ɗaya, layi ɗaya, tsinke ɗaya, amma da na shimfiɗa su akan tabarma na ɗora ɗaya bisa ɗaya sai naga na biyun ya fi na farko tsawo da kusan yatsa biyu, na farkon kuma yayi tauri kamar buhu. Dole na warware duka biyun. Tun daga nan duk abinda yake zuwa biyu-biyu, hannun riga, safa, takalmin jariri, ko dai in yi su a zama ɗaya ko in ɗora su tare akan tsinke ɗaya kowane da dunƙulenshi, layi ɗaya nan layi ɗaya can, yadda in hannuna ya canza zai canza musu tare. Kuma in kin daɗe baki taɓa aiki ba saboda ciwo, kafin ki koma mishi ki ɗan saƙa gwaji a gefe ki auna. In da ido 22 yake baki santimeta 10 yanzu kuma 20 yake baki, hannunki bai dawo ba, ki bashi kwana biyu a kan ƴan murabba'i.

Ke kanki in kece ba lafiya, dan Allah ki aje. Zazzaɓi in ya kama ki kije a yi miki gwajin palu, ɗigon jini ne a yatsa kuma nan take ake gani, in shine ki sha maganin har ƙarshe, na kwana ukun nan safe da yamma, ba wai rana ta biyu kinji dama ki watsar ki koma kan tsinke ba. Ni kwana biyar ban taɓa zare ba, kuma babu abinda ya lalace a kwana biyar ɗin. Yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuma in masu rabon maganin rigakafin palu na damina sun zo ƙofar gida wata-wata, kar aiki ya sa kice su dawo, ki tashi ki karɓa ki bada sauran na kwana biyun da suke bar miki. Bayan an warke ma ki koma a hankali. Wuyan hannu da kafaɗa su suke fara ƙara, musamman in kina ɗaga maras lafiya kina wanki kina kuma saƙa da hannun nan dai. Duk rabin awa ki aje ki miƙe ki yarfa hannu ki juya wuya. In yatsu suka fara mutuwa ko suna miki kamar tafiyar kiyashi har cikin dare, wannan ba na haƙuri bane, ki faɗa ma likita. Ido ma haka, zare baƙi da shuɗi mai duhu na rana ne, da dare in kuran ya ɗauke kina aiki da fitilar waya ko ƴar tocila ki riƙe fari ko ruwan ƙwai ko ruwan hoda, wanda zaki ga idon saƙar ba sai kin ƙura ba.

Zaman jinya a asibiti kuwa, wanda yayi shi ya san yawancinshi jira ne. A jira likita ya zagayo, a jira ƙarin ruwa ya ƙare a kira mai cirewa, a jira wanda aka aika farmasi da takardar magani, a jira abinci daga gida. A nan saƙa take da amfani ba dan kuɗi ba, dan tana riƙe miki hankali kar ya tafi inda bai kamata ba. Amma ki tafi da kwarashi, ki bar dogayen tsinke a gida, ɗaki ne mai cunkoso, ga tiyon ƙarin ruwa ga yaran mutane ga tabarmi a ƙasa. Dunƙule ɗaya ya isa, ki sa shi a leda mai tsabta ki huda ƴar ƙofa zaren ya riƙa fitowa ta nan, kar ya gangara ƙarƙashin gado. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauka da bayan kin taɓa maras lafiya. In ma'aikata suka shigo ki aje ki miƙe ki saurara da kunne biyu, abinda zasu faɗa akan magani sau ɗaya suke faɗa, ni a bayan kayen saƙar nake rubuta awowin maganin Inna da abinda awon tansiyo ya nuna kullum, kuma ranar da aka canza likita wannan shafin yayi mana rana. Duk abinda kika saƙa a asibiti ko kina cikin mura da tari, kafin ya taɓa jikin jariri ki wanke shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ki matse a cikin tawul banda murɗawa, ki shimfiɗa shi kwance ya bushe sarai. In kika rataye shi a igiya da ruwa a jiki zai zazzago ya ɓata siffa.

To sai magini. Mu sai da ruwa ya ɗauke a Oktoba aka fara, dan ba a ɗora tubali ana tsoron hadari. Kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya a gidanki, kafin a kankare yaɓe ko a ɗaga kwano, ki fara kwashe zarenki. Ƙurar siminti da ta tsohuwar ƙasa in ta shiga farin zare baya komawa fari, na gwada wanki uku. Bokitin fenti babba mai murfi, wanda aka wanke ya bushe, yafi kowace jaka: ƙura bata shiga, yoyo baya taɓawa, ɓera baya samu, kuma in aka ce a kwashe ɗakin nan yanzu hannu ɗaya zaki ɗauka. Kar ki aje kwali a ƙasa jikin bangon ƙasa mai danshi, gara tana bin kwalin ta lalata abinda yake ciki da ƙasarta, ki ɗora akan tebur ko ki sa bulo biyu a ƙarƙashi. Jaka ta uku, mai ƙirga, ki rufe ta a bokitin ki manta da ita har magina su tafi. Ga guduma, ga mai neman ruwa, ga mai cewa yashi ya ƙare, babu ƙirgar da zata tsaya a kai.

Amma ta farkon tana da babban amfani a nan. Aikin gini yana son ido, kuma maigida yana kasuwa. Sai in shimfiɗa tabarma a inuwa ta inda iska bata kawo ƙura, inda ina hango kwaɓi ina kuma jin motsin Inna a ɗaki, kwarashi a hannu. Ba sai kince komi ba, zamanki kawai ya isa, kina ganin buhu nawa aka fasa, kina ganin an jiƙa bulo ko ba a jiƙa ba. Dattijon da yayi mana aikin wata rana ya tsaya yana kallon hannuna yace "Uwar gida, ashe ke ma layi-layi kike ɗorawa kamar mu." Nace "Haka ne Baba, kuma in na ƙasa ya karkace sai an sauke." Yace to shi yasa yake son in bari ya tona gindin katangar ya sake shi, kar a ɗora sabo akan ruɓaɓɓe. Na faɗa ma maigida da dare, aka ƙara kuɗin, kuma daminar da ta biyo baya katangar ko tsagewa bata yi ba. In kuɗin bazai isa duka ba ki matsa a fara da rufi da indararo da gindin bango, inda ruwa yake shiga, shafe da fenti su jira. Ki sa lissafin ruwa a ciki tun farko, kinsan halin garinmu da ruwa, siminti kuma sai ana bashi ruwa safe da yamma kamar sati guda in ana son yayi ƙarfi, in famfo baya zuwa unguwarku kuɗin ƴan garuwa kaɗai wani abu ne.

Kuma a nan ne jarin saƙa yake mutuwa. Buhu ɗaya ya rage a gama, ga kuɗin zare a gwangwani, ki bada a maida miki. Takardar magani ta zo da dare, ga abans ɗin mutane a jaka. Ban ce kar ki taimaki gidanki ba, dan gidan ake saƙar tun farko. Abinda nake yi shine ranar da aka bani abans ranar nake maida shi zare, in ya zama zare babu mai cewa a ara. Riba kuma ita nake sawa a gida da zuciya ɗaya. Ki saye zaren aiki gaba ɗaya a lokaci ɗaya har da ƙarin dunƙule guda, dan launi ɗaya sunan ɗaya amma in ba rini ɗaya bane sai kiga bambanci a rana, kuma yawancin zarenmu ta Kano yake shigowa, duk mun ga yadda kaya suka yi wuya da aka rufe iyaka a 2023. In kinje Kasuwar Dole kin samu launin da kike so ki ɗauka ya ishe ki, kar kice sati mai zuwa. Ga kimanin da nake bi da zare matsakaici da tsinke lamba 4: dunƙule mai giram 50 yana fidda hula da safar jariri sabon haihuwa, rigarshi tana cin biyu zuwa uku, bargo shida zuwa takwas. Hular kuma ido 64 nake ɗorawa, dan kan jariri yana kai santimeta 33 zuwa 35 kuma ana son ta ɗan kama, 64 ɗin kuma tana rabuwa takwas-takwas wajen rage ido a sama, ba sai kin yi lissafi da kai mai ciwo ba.

Masu aiki kuma ki gaya musu gaskiya da wuri. Wannan yafi min komi wuya, dan kunya. Sai ka riƙa cewa gobe, jibi, kana fatan dare ɗaya zai isa. Ranar suna bata matsawa, kwana bakwai ne, in kin san bazaki cika ba ki faɗa tun ranar kwana biyu ta samu ta nemi wata. Cikin mutum huɗun nan, biyu na kira su nace ga halin da nake ciki, suka ce Allah ya bata lafiya, in na samu sarari in yi. Ɗaya na miƙa aikinta ma wata ƴar'uwa da muke saƙa tare a Sabon Gari, da zaren da abans ɗin da shafin kayen na yage na bata, ta ƙarasa ta karɓi cikon. Ta huɗun ranta ya ɓaci ta karɓi kuɗinta, kuma tana da gaskiya, na riƙe ta kwana tara ina cewa an kusa. Yanzu in zan bada rana sai in lissafa kwanakin da aikin zai ci in ninka biyu, in damina ce in ƙara sati. Kuma tun lokacin zafi, Afrilu da Mayu da babu mai tambayar kayan sanyi, da sassafe kafin hannu ya fara gumi nake yin hula ɗaya ko safa ɗaya in jefa a bokiti, fari da ruwan ƙwai da kore mai haske waɗanda zasu shiga ko mace ko namiji. In haihuwa ta zo ina tsakiyar jinya sai in buɗe bokiti kawai.

Yara kuma ki sa su a ciki, in ba haka ba su da saƙar zasu zama kishiyoyi. Babbar ƴata shekararta 11, ita take naɗe min zare, kuma na koya mata murabba'in nan, nata na farko sun fito wani babba wani ƙarami amma na haɗa su a bargon ƙaninta, har yau tana nuna ma baƙi wanda tayi. Mai rarrafe kuwa ki raba shi da tsinke da almakashi da allura, ki rataye jaka a ƙusa sama, guntayen zare ma ki tsince dan suna sawa a baki ko su naɗe a yatsa. Ki kula da wuta: zaren da muke saye yawanci na roba ne, in ya taɓa garwashi narkewa yake ya manne a fata, dan haka banda saƙa a bakin murhu, kuma lokacin sanyi kar a zaunar da yaro mai rigar saƙa dab da kaskon wuta. Guga ma bata yi mishi, kwantar dashi take ya mutu. Maigida kuma ki faɗa mishi a fili wace awa kike so, ni tsakanin isha'i da ƙarfe goma ne ranar da ba jinya mai tsanani, shi yake zama wajen Inna a lokacin, da ban faɗa ba bazai sani ba.

Ita Inna da muka dawo gida magana ta yi mata nauyi, hannun hagu kuma yana kwance a cinya kamar ba nata ba, abinda yafi damunta shine zaman banza, mace ce da bata taɓa zama ba. Likitan motsa jiki yace a riƙa bata abu mai laushi tana matsawa. Wata la'asar ina zaune bakin gadonta da kwarashi, dunƙulen ya gangara, ta tare shi da hannun dama, sai na ɗauka na sa mata a tafin hagun na naɗe yatsunta a kai nace "Inna ku riƙe min, in na ja ku sake min kaɗan-kaɗan." Ranar farko zamewa yake yi, sau nawa ina ɗaukowa daga ƙasa. Muka ci gaba haka kullum bayan la'asar, magina suna ta bugu a waje, ni ina saƙa ita tana riƙe. Wajen sati na uku na ja zare naji ya tsaya, na ɗaga kai naga ta matse shi da gangan tana kallona, bakinta ya ɗan karkace da murmushi. Maganinta da motsa jikinta ba a fasa ko ɗaya ba, wannan ƙari ne kawai, amma ita awar nan take jira duk yini.

Murabba'an da na tara daga asibiti zuwa ranar da magina suka kwashe kayansu sun kai 80 da wani abu, launi barkatai dan ragowar zare ne. Ban saida su ba. Na wanke su na shanya akan tabarma, na haɗa su da baƙin zare da rana tsaka a inuwar sabuwar katangar, takwas a faɗi goma a tsawo, sauran na maida jaka. In zaki haɗa naki ki jera su a ƙasa tukuna ki ɗauki hoto, sannan ki tattara layi-layi ki maƙala ma kowane tari takarda mai lamba, dan haɗin ma ba a zama ɗaya zai ƙare ba. Nawa kwana shida ya ci. Shi Inna take rufe ƙafafunta dashi da asuba in an zaunar da ita alwala, tun daga sanyin shekarar har na bana.